Borelli, malamin da ya auna ƙarfin tsoka

Duk ɗalibin da ake koya wa yadda ɗan wasa ke tsalle ko jifa, gajiyar Giovanni Borelli yake ci, ko da bai taɓa jin sunansa ba. An haife shi a Naples ta ƙasar Italiya a 1608, ya koyar da lissafi a Messina da Pisa. Shi ne ya nuna da lissafi cewa, da yake tsoka kusa da gaɓa take manne, dole ƙarfinta ya ninka nauyin abin da hannu ke ɗagawa sau da yawa. Abin takaici, cikin talauci ya rasu a birnin Rum a 1679, yana koyarwa a makarantar limaman Kirista. Sai a 1680 aka fara buga littafinsa kan motsin dabbobi.