Dante: mawaƙin da garinsu ya kora, duniya ta sa shi a kan tambur

A shekara ta 1965 gidajen waya na ƙasashe da dama sun fito da tambur domin tunawa da cikar shekara 700 da haihuwar wani mawaƙin Italiya mai suna Dante Aligiyeri. Italiya ta buga iri huɗu, Batikan ma huɗu, Amurka kuwa ta fito da nata na santi 5 ran 17 ga Yuli a birnin San Faransisko. A ranar da sabon tambur ya fara fita, akan manna shi bisa ambulan mai zane na musamman, a buga masa hatimi mai ɗauke da kwanan wata da sunan gari. Shi ne ake kira ambulan ranar farko, masu tara tambur kuma suna adana shi kamar dukiya. To, wane ne wannan bawan Allah da aka yi wa irin wannan girmamawa?

An haifi Dante a 1265 a birnin Fulorans, a lokacin da Italiya ba ta zama ƙasa ɗaya ba, kowane babban gari yana cin gashin kansa. Tun yana ɗan shekara 9 ya ga wata yarinya mai suna Biyatiris, sonta ya kama shi. Bai aure ta ba, ta kuwa rasu a 1290, amma ya ci gaba da ambatonta a cikin waƙoƙinsa har ƙarshen ransa. Matarsa ta aure, uwar ƴaƴansa, sunanta Jemma Donati.

Dante ya yi yaƙi bisa doki a Kamfaldino a 1289. Daga baya ya shiga sha'anin mulki, har a 1300 aka zaɓe shi cikin shugabanni shida da ke riƙe da garin na tsawon wata biyu. Daga nan wahalarsa ta faro. Manyan Fulorans sun rabu gida biyu: Farare, waɗanda ba sa son Paparoma Bonifas na 8 ya sa hannu cikin al'amuran garin, da Baƙaƙe masu goyon bayansa. Dante yana cikin Farare. A ƙarshen 1301 aka aike shi Roma wajen Paparoma. Kafin ya komo, Baƙaƙe sun ƙwace gari. A watan Janairu na 1302 aka tuhume shi da cin hanci, aka ci shi tara, aka kore shi. Da ya ƙi zuwa ya biya, sai a watan Maris aka yanke cewa in ya shiga hannu a ƙone shi da rai.

Shekara 19 ya yi yana yawo daga fada zuwa fada, yana cin abincin wasu. Ya zauna Berona, daga bisani ya koma Rabena. A 1315 aka yi masa tayin komowa gida, da sharaɗin ya biya kuɗi ya kuma amsa laifi a bainar jama'a. Ya ƙi, domin a ganinsa bai aikata laifin ba. Saboda haka aka sake yanke masa hukuncin kisa, har da ƴaƴansa maza.

A cikin wannan zaman baƙunci ne ya tsara babbar waƙarsa, Komediya. Tana da babi 100 da ɗango 14,233, kowane baiti ɗango uku. Labari ne na tafiya zuwa lahira bisa aƙidar Kiristocin zamaninsa: wuta, da wurin tsarkake rayuka, da aljanna. A can ya zaunar da sarakuna da paparomomi da manyan garinsu, kowa inda ya ga aikinsa ya kai shi.

Abin da ya fi ɗaukaka shi kuwa shi ne harshen da ya zaɓa. A wancan zamani masu ilimi da Latinanci suke rubuta duk wani abu mai nauyi, harshen da talaka ba ya ji. Dante ya san Latinanci sarai, har da shi ya rubuta littafin da ya kare martabar harshen gida. Amma babbar waƙarsa ya yi ta da harshen Toskana, wanda ake ciniki da shi a kasuwa, uwa kuma take yi wa ɗanta magana da shi. Wannan harshe ne ya zama tushen Italiyancin yau.

Dante ya rasu a Rabena a watan Satumba na 1321, bayan zazzaɓin da ya kama shi a hanyar komowa daga aike a Benis. Yana da shekara 56, bai sake taka Fulorans ba.

Daga baya garin ya yi nadama. A 1519 mutanensa suka sami izinin Paparoma Leyo na 10 su ɗauko ƙasusuwansa, suka tarar da kabari wayam, domin limaman cocin Rabena sun ɓoye su. Sai a 1865 magina suka gano su cikin wani akwatin katako. Kabarin da Fulorans ta gina masa a 1829 har yanzu ba kowa ciki. A 2008 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar soke hukuncin da aka yi masa, kuma kowane watan Satumba Fulorans takan aika da man fitilar da ke ci a kan kabarinsa na Rabena.

Italiya ta buga tambur iri uku da sunansa a 1921, ta sake bugawa a 2021 domin cikar shekara 700 da rasuwarsa. Tun 2002 hotonsa ne a kan kwabbanta na yuro 2. Mutumin da aka hana shiga gari guda, ga shi fuskarsa na shiga ko'ina a bayan wasiƙa.