Louis Pasteur, Ɗan Majemin da ya Ceci Yara daga Haukan Kare

An haifi Louis Pasteur a garin Dole na ƙasar Faransa ran 27 ga Disamba, 1822. Ubansa majemi ne, tsohon soja. A Arbois ya girma, kuma a nan ne cikin 1831 wani mahaukacin kyarkeci ya ciji mutane da yawa. Yaron ya ga yadda aka kai su maƙera ana nana musu jan ƙarfe a bakin rauni, don a zamanin ba a san wani magani ba sai wannan. Duk da haka waɗansu suka mutu.

Da ya girma ya zama shaihun malamin kimiyya. Shi ne ya tabbatar cewa ƙwayoyin da ido ba ya gani su ke lalata madara da giya, kuma ana iya kashe su da zafin wuta. Amma bai tsira daga baƙin ciki ba. Cikin 'ya'yansa biyar uku sun rasu tun suna ƙanana, biyu da zazzaɓin taifot. A 1868 kuma ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Wannan bai hana shi aiki ba.

Da ya juya kan ciwon haukan kare, sai ya lura cewa cutar tana daɗewa kafin ta kai ƙwaƙwalwa, watau akwai damar a riga ta. Ya riƙa busar da lakar zomayen da suka kamu har ƙarfin cutar ya ragu, ya yi wa karnuka allura da ita, suka tsira.

Ran 6 ga Yuli, 1885, wata mata daga Alsace ta kawo masa ɗanta Joseph Meister, mai shekara 9, wanda kare ya ciza wuri 14. Pasteur kuwa ba likita ba ne, da yaron ya mutu da shi za a kama. Ya shawarci likitoci, Likita Grancher ya yi wa yaron allura 13 cikin kwana goma da 'yan kai. Yaron ya rayu. A Oktoba aka kawo Jean-Baptiste Jupille, makiyayi ɗan shekara 15, wanda ya tari mahaukacin kare don ƙananan yara su gudu. Shi ma ya tsira.

A 1888 aka buɗe Cibiyar Pasteur a Faris, inda daga baya Meister ya yi aikin gadi. Pasteur ya rasu ran 28 ga Satumba, 1895, ranar da tun 2007 duniya ke tunawa da wannan ciwo.

Har yanzu dai da sauran aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne. Saboda haka iyaye su hana yara tsokanar kare, musamman mai cin abinci ko mai jego, a kuma yi wa karen gida allura. In an yi cizo, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a garzaya asibiti ran nan. Uwar Meister ba ta jira alamun ciwo ba, shi ya sa ɗanta ya rayu.