Rudolf Virchow: Likitan da ya binciki annoba, ya ɗora alhakinta kan gwamnati

A farkon shekarar 1848, zazzaɓin taifus, wanda ƙwarƙwata ke yaɗawa, ya ɓarke a yankin Silesiya ta Sama da ke ƙarƙashin daular Prussia. Gwamnati ta tura wani matashin likita mai shekara 26, Rudolf Virchow, ya gano musabbabin annobar. Bayan kusan mako uku ya dawo Berlin da rahoton da bai yi wa mahukunta daɗi ba. Ya nuna cewa yunwa, jahilci, cunkoson gidaje da sakacin jami'ai ne suka share wa cutar fage. Maganin da ya bayar kuwa shi ne ilimi cikin harshen Poland da mazauna yankin ke yi, 'yancin gudanar da al'amuransu, gyaran hanyoyi da noma, da kuma sauke nauyin haraji daga kan talakawa zuwa kan masu hali.

An haifi Virchow a ranar 13 ga Oktoba, 1821, a garin Schivelbein, wanda yanzu ke cikin ƙasar Poland. Ya karanci likitanci a Berlin, ya yi aiki a asibitin Charité, inda a 1845 ya bayyana cutar sankarar jini. Kwanaki kaɗan bayan dawowarsa daga Silesiya aka yi boren neman dimokuraɗiyya a Berlin, shi ma ya shiga cikin masu boren. Hakan ya jawo masa fushin hukuma, kuma a 1849 ya koma jami'ar Würzburg.

A can ne ya zurfafa binciken da ya ɗaukaka sunansa. Kafin nan, Matthias Schleiden a 1838 da Theodor Schwann a 1839 sun nuna cewa jikin tsirrai da na dabbobi duk an gina su ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, sai dai sun ɗauka ƙwayoyin suna tsirowa ne daga wani ruwa a jiki. Virchow ya tsaya kan cewa kowace ƙwayar halitta daga wata ƙwayar take fitowa, ta hanyar rabuwa gida biyu. Daga nan ya gina hujjar da ya shimfiɗa a littafinsa na 1858, cewa cuta tana farawa ne daga ƙwayoyin da suka lalace ko suka kauce wa aikinsu. A kan wannan tubali ne likitoci ke yankar tsokar ƙari a yau su duba ta a madubin hangen ƙananan halittu.

Tarihinsa bai rasa tabo ba. Robert Remak, wani likita Bayahude da bai taɓa samun cikakkiyar kujerar farfesa ba, ya riga shi nuna yadda ƙwayoyin halitta ke rabuwa, amma Virchow bai ba shi haƙƙinsa yadda ya kamata ba. Haka kuma ya daɗe yana shakkar cewa bakteriya su ne ummul'aba'isin cututtuka masu yaɗuwa, ko da binciken Louis Pasteur da Robert Koch ya fara tabbatar da hakan.

Bayan komawarsa Berlin a 1856, ya shiga siyasa gadan-gadan. Ya zama kansila a 1859, inda ya matsa lamba har aka gina wa birnin magudanan ƙazanta. Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Cigaba a 1861, kuma a majalisar Prussia ya takura wa Otto von Bismarck kan kasafin kuɗin soja, har Bismarck ya ƙalubalance shi su yi fito-na-fito da makami a 1865. Virchow ya ƙi amsa gayyatar. Ya kuma zauna a majalisar tarayyar Jamus daga 1880 zuwa 1893.

A watan Janairun 1902 ya faɗi yayin sauka daga motar taragon lantarki, ya karye a ƙugu. Bai sake samun lafiya ba har ya rasu a Berlin ranar 5 ga Satumba, 1902, yana da shekara 80.