Khaula Bint Sa'alaba: Matar da Allah Ya ji kukanta a Madina

Masu karanta littattafan marubuta mata na Hausa sun san Rabi ta cikin Alhaki Kuykuyo Ne, wanda Balaraba Ramat Yakubu ta fitar a 1990, matar da mijinta ya kora da 'ya'ya tara bayan ya yi amarya. Wasu kan ce turawa ne suka koya wa mata irin wannan ƙorafi. Mu Hausawa mazauna Madina kuwa mun san a wannan birni wata mata ta riga ta kai irin ƙarar tun zamanin Manzon Allah (SAW).

Khaula bint Sa'alaba (RA) mutuniyar Madina ce daga ƙabilar Khazraj. Mijinta Ausu bin Samit ɗan'uwanta ne na jini, kuma ɗan'uwan sahabi Ubada bin Samit. Da tsufa ya kama shi sai ya zama mai saurin fushi. Wata rana suka yi saɓani, ya yi mata zihari, wato ya kamanta ta da gadon bayan mahaifiyarsa. A al'adar jahiliyya wannan kalma kaɗai ta isa ta haramta mace ga mijinta.

Khaula ba ta zauna a ɗaka tana share hawaye ba. Ta tafi wurin Manzon Allah, Nana A'isha na cikin ɗakin, ta bayyana cewa mutumin nan ya ci ƙuruciyarta, ta haifa masa 'ya'ya, sai yanzu da girma ya zo zai yar da ita. In ta bar masa yaran za su lalace, in ta riƙe su yunwa ce. Ta yi ta maimaitawa tana kai kuka ga Allah, har farkon Suratul Mujadala, sura ta 58, ya sauka.

Hukuncin ya hau kan miji ne: ya 'yanta bawa, ko azumin wata biyu a jere, ko ya ciyar da miskinai 60. Ausu ba shi da ikon ko ɗaya. Manzon Allah ya taimaka da dabino, ita Khaula da aka ɓata wa rai ta cika sauran.

Bayan shekaru, tana tsohuwa, ta tare Khalifa Umar a hanya ta yi masa doguwar nasiha. Ya tsaya yana saurare har ta gama, mutanen da ke tare da shi suna jira.