Li Shizhen: Likitan da ya shafe shekaru 27 yana tantance magungunan ƙasar Sin

An haifi Li Shizhen a shekarar 1518, zamanin daular Ming, a garin Qizhou da ke cikin lardin Hubei na yanzu. Mahaifinsa likita ne, amma da yake a wancan lokaci aikin likita bai kai aikin hukuma daraja ba, sai ya so ɗansa ya zama jami'in gwamnati. Sau uku Li yana zama jarrabawar lardi yana faɗuwa, daga nan ya haƙura, ya gaji sana'ar gidansu.

Da ya fara duba marasa lafiya, sai ya tarar tsofaffin littattafan magunguna cike suke da kura-kurai. Wani wuri a ɗauki tsiro ɗaya a matsayin biyu, wani wuri kuma a haɗa tsirrai daban-daban a suna ɗaya, abin da ka iya sa a shayar da majiyyaci guba. Saboda haka a shekarar 1552 ya fara aikin gyara.

Ya nazarci littattafai sama da 800, ya kuma ratsa dazuzzuka da duwatsu yana tambayar manoma da masunta da mafarauta. Daga cikin magungunan da ya ƙara akwai saiwar sanqi, dangin ginseng, wadda ya bayyana cewa mayaƙan kudancin ƙasar na tsayar da jinin rauni da ita. Har yanzu ana noma ta a lardin Yunnan. Kazalika ya ƙaryata masu da'awar cewa shan zaiba na ƙara tsawon rai.

A shekarar 1578 ya kammala littafin mai suna Bencao Gangmu, mai juzu'i 52, wanda ya ƙunshi magunguna 1,892 da haɗe-haɗe fiye da 11,000. Sai dai ya daɗe yana neman wanda zai buga shi, kuma ya rasu a shekarar 1593 bai ga fitowarsa ba. An buga littafin a birnin Nanjing a shekarar 1596.

Ko da yake kimiyyar zamani ba ta amince da wasu bayanan littafin ba, a shekarar 2011 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin muhimman rubuce-rubucen tarihi na duniya.