Hans Berger: Likitan da ya fara auna wutar ƙwaƙwalwar ɗan Adam, da tabon da ke tarihinsa

Duk mai farfaɗiyar da aka liƙa wa wayoyi a fatar kai a asibiti, ana duba shi ne da EEG, gwajin da ya samo asali daga aikin Hans Berger, likitan taɓin hankali ɗan ƙasar Jamus.

An haife shi ranar 21 ga Mayun 1873 kusa da garin Coburg. Yana saurayi a aikin soja doki ya kayar da shi, ya sha da ƙyar. A ranar nan gaban yayarsa da ke nesa ya faɗi, har ta sa mahaifinsu ya aika masa da telgiram. Wannan lamari ne ya ja shi zuwa binciken ƙwaƙwalwa.

A Jami'ar Jena, ranar 6 ga Yulin 1924, ya fara ɗaukar motsin lantarkin ƙwaƙwalwar ɗan Adam, daga wani yaro ɗan shekara 17 da aka yi wa tiyata a kai. Bai wallafa sakamakon ba sai 1929. Wutar ƙwaƙwalwa ba ta da ƙarfi, ana auna ta da kashi ɗaya cikin miliyan na bolt, saboda haka bugun zuciya ko motsin tsoka ko lantarkin ɗaki na iya binne ta. Ya shafe waɗannan shekaru yana tantance cewa abin da yake gani daga ƙwaƙwalwa yake. Wannan matsala ce ta sa har yau ake kewaye wasu ɗakunan gwajin da ragar jan ƙarfe, dabarar da Michael Faraday ya gwada a 1836. Masana sun yi ta shakkar aikinsa har 1934, lokacin da Edgar Adrian da Brian Matthews suka tabbatar da shi a Ingila.

An daɗe ana ba da labarin cewa gwamnatin Nazi ce ta kore shi daga aiki a 1938 saboda adawa. Takardun da masu bincike suka tono daga baya sun nuna akasin haka: yana ba rundunar SS gudummawar kuɗi, ya kuma zauna a kotun ɗaukaka ƙara kan hukuncin hana masu taɓin hankali da farfaɗiya haihuwa ta hanyar tiyatar dole. Irin majinyatan da na'urarsa ke taimako a yau, su ne dokar ta 1933 ta yi wa wannan zalunci.

Berger ya kashe kansa a Jena ranar 1 ga Yunin 1941, bayan fama da ciwon damuwa.