D. O. Fagunwa: Malamin da Ya Mayar da Daji Makaranta

Ya ku ɗalibai, da yawa daga cikinku kun taɓa jin labarin wani maharbi da ya shiga ƙungurmin daji, ya yi arba da dodanni da aljanu, ya kuma dawo gida da ransa. A wannan darasi za ku karanta tarihin mutumin da ya fi kowa shahara wajen rubuta irin wannan labari a harshen Yarbanci, wato Daniel Olorunfemi Fagunwa. Za ku kuma koyi yadda ake gane abin da dodannin nan suke nufi, domin marubucin bai ajiye ko ɗaya daga cikinsu a kan hanyar maharbi a banza ba.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Fagunwa a shekarar 1903 a garin Oke-Igbo, wanda yanzu yake cikin Jihar Ondo. Kakanninsa addinin gargajiya na Yarabawa suke bi, kuma sunan gidansu ma shaida ne, domin gaɓar farko ta sunan Fagunwa daga Ifa ta fito, wato hanyar duba ta Yarabawa. Iyayensa kuwa sun karɓi addinin Kirista. Sunan Olorunfemi da ya ɗauka yana nufin Allah yana ƙaunata. Kun ga ke nan ya tashi yana jin tatsuniyoyi da labaran maharba a gida, yana kuma jin karatun Littafi Mai Tsarki a coci da makaranta. Waɗannan maɓuɓɓugai biyu su ne suka shayar da rubutunsa har ƙarshen rayuwarsa.

Ya yi karatun firamare a makarantar St. Luke ta garinsu, sannan ya wuce Kwalejin St. Andrew da ke Oyo, inda ake horar da malamai. Da ya gama a 1929, sai ya kama aikin koyarwa. Ya daɗe yana karantar da yara a Oyo, daga baya ya koyar a wasu garuruwa, har da Legas. Ku riƙe wannan a zuciya, domin ko a cikin littattafansa malami ne: yakan tsayar da labari ya yi wa mai karatu nasiha, sa'an nan ya ci gaba.

Littattafansa

Littafinsa na farko, Ogboju Ode Ninu Igbo Irunmale, ya fito a 1938. Ma'anar sunan ita ce jarumin maharbi a dajin iskoki. Ya rubuta shi ne domin shiga wata gasar rubutu, kamar yadda Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya fito daga gasar da aka shirya a Zariya a 1933. Littattafan biyu suna cikin ƙagaggun labarai na farko da aka buga a harsunan Nijeriya, kuma dukansu labarin mutum ne da ya bar gida ya yi doguwar tafiya mai haɗari.

Bayan wannan ya rubuta wasu guda huɗu: Igbo Olodumare da Ireke Onibudo, duka a 1949, sai Irinkerindo Ninu Igbo Elegbeje a 1954, da Adiitu Olodumare a 1961. An ba shi kyautar Margaret Wrong a 1955 saboda hidimarsa ga adabi, ya kuma sami lambar girmamawa ta MBE a 1959. A 1968 Wole Soyinka ya fassara littafinsa na farko zuwa Turanci, daga nan mutanen wasu ƙasashe suka san shi.

Sunaye masu ɗauke da ma'ana

Idan kuna son ku fahimci Fagunwa, ku fara da sunaye. A littafinsa na farko, maharbi Akara-ogun ya gamu da wani dodo mai idanu goma sha shida, sunansa Agbako. A Yarbanci kalmar tana nufin masifar da ke auka wa mutum ba zato ba tsammani. Akara-ogun ya gwada ƙarfinsa da addarsa da layunsa, duk ba su yi masa rana ba, har ya tsinci kansa a tsare a ƙarƙashin ƙasa. Wadda ta fitar da shi wata kyakkyawar halitta ce mai suna Iranlowo, wato Taimako, baiwar Ubangiji ce da ake aikowa ga wanda ya shiga ƙunci. Da zarar kun san ma'anar sunayen nan biyu, sai labarin kokawa ya zama darasi: akwai masifar da ta fi ƙarfin jarumi, kuma mafita daga gare ta tana hannun Mahalicci.

Haka abin yake ga sauran sunaye. Iwapele, matar da Akara-ogun ya samu a wani ƙazamin gari, sunanta yana nufin hali mai taushi. Imodoye, mai ba maharba shawara, sunansa yana nuna ilimin da ya zama fahimta. Olohun-iyo mai zaƙin murya ne. Eru kuwa shi ne Tsoro. A littafi na biyu akwai mai gadin daji, Anjonu-iberu, wato Aljanin Tsoro. Ku lura da kalmar anjonu: 'yar'uwar kalmar aljanu ce ta Hausa, dukansu daga Larabci suka samo asali.

Wannan dabara ta sanya wa hali jiki da suna tsohuwa ce a adabin duniya. John Bunyan na Ingila ya yi amfani da ita a littafinsa The Pilgrim's Progress na 1678, wanda aka fassara zuwa Yarbanci tun kafin a haifi Fagunwa. Ku ma kun san ta a tatsuniyoyin Hausa, inda Gizo yake wakiltar wayo, Kura take wakiltar kwaɗayi.

Makamin da ya yi aiki

Abu na biyu da za ku duba shi ne abin da ya kawo nasara. A tafiya ta ƙarshe, sarki ya aiki jarumai bakwai zuwa Dutsen Langbodo su samo abin da zai gyara ƙasarsu. A hanya suka yi karo da Eru. Makamai suka kasa. Sai Olohun-iyo ya ɗaga murya yana rera waƙar yabon Ubangiji, Tsoro ya juya ya gudu. Fagunwa ya san cewa tsoro a zuci yake zama, harsashi kuwa ba ya kaiwa can.

A wani wuri kuma, wata muguwar halitta ta kama Akara-ogun, ta ɗaure shi, tana hawansa kamar doki. A cikin wannan wulaƙanci ne ya tuna cewa ya dogara da layu ya manta da wanda ya halicce shi. Ya roƙi Allah, sai dabara ta zo masa, ya yaudari mugun ya sa bakin bindiga a bakinsa, ya harbe shi. Ku lura cewa addu'a ba ta hana shi amfani da hankalinsa ba. A wurin Fagunwa, roƙon Allah da ƙoƙarin mutum tare suke tafiya.

Da jaruman suka isa Langbodo, babban abin da suka samu shi ne zama a gaban wani dattijo mai hikima, Iragbeje, wanda ya karantar da su kwana bakwai a kan tarbiyyar yara, da illar wuce gona da iri, da alheri, da girmama Ubangiji. Wato maganin da ƙasa take buƙata shi ne halin kirki.

Alheri da sharri a jiki ɗaya

Kada ku ɗauka cewa Fagunwa ya raba duniya gida biyu, mutane nagari a nan, dodanni miyagu a can. Ku dubi asalin Akara-ogun. Ubansa jarumin maharbi ne, uwarsa kuwa mayya ce da ta hallaka kishiyoyinta da 'ya'yansu. Jinin su biyun yana gudana a jikinsa. Duk da haka, ranar da ya faɗa cikin halaka ya kira sunanta yana kuka, ita ce ta fito daga lahira ta taimake shi. Mayya ce, amma uwa ce.

Ku dubi Kako kuma, wanda ya fi sauran maharban ƙarfi. Ranar aurensa aka kira shi tafiya Langbodo. Amaryarsa ta riƙe shi tana roƙonsa kada ya tafi, sai ya sare ta da adda. A ganinsa kishin ƙasa ya nuna. Amma ba su yi nisa ba sai hanya ta toshe musu, kuma Iranlowo ta bayyana musu cewa jinin matar nan ne ya tsare su. Jarumtar da babu tausayi a cikinta zalunci ce, kuma laifin mutum ɗaya yakan shafi dukan ayari.

Akwai wata alama da ta kamata ku yi hattara da ita, wato sunan Esu. A Igbo Olodumare, wani ɗan ƙaramin mugu mai suna Esu-kekere-ode ya tare wa maharbi hanya. Waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Yarbanci sun zaɓi kalmar Esu a matsayin Shaiɗan. A addinin gargajiya na Yarabawa kuwa, Esu ɗan aike ne tsakanin mutane da abubuwan bautarsu, yana iya kawo alheri, yana iya kawo fitina. Saboda haka alama ɗaya tana iya ɗaukar ma'ana biyu. Kafin ku yanke hukunci a kanta, ku tambayi kanku da idon wane addini marubucin yake kallonta, kuma me take nufi ga mutanen da suka fara amfani da ita.

Rasuwarsa

A ƙarshen rayuwarsa Fagunwa yana aiki ne a matsayin wakilin kamfanin buga littattafai na Heinemann a Nijeriya. A watan Disamba na 1963, yana dawowa daga wata tafiyar aiki a Arewa, ya tsaya a mashigin Wuya, kusa da Bida, yana jiran jirgin fito. Nan ya faɗa kogi, ruwa ya ci shi. Yana da shekara 60.

Nan da nan jita-jita ta bazu cewa ba a ga gawarsa ba, wai iskokin da ya tona wa asiri ne suka ɗauke shi. Gaskiyar magana ita ce an sami gawar, an kai ta Oke-Igbo, an binne shi a maƙabartar cocin St. Luke. Masu wannan jita-jita sun karanta littattafansa, amma a dodanni suka tsaya, ba su kai ga ma'ana ba. Kada ku bi sawunsu. Duk lokacin da kuka gamu da dodo ko mala'ika ko dutse ko daji a cikin littafi, na Yarbanci ne ko na Hausa ko na Ibo, ku nemi ma'anar sunansa, ku duba abin da ya aikata, ku kuma lura da abin da ya rinjaye shi.

Ma'anar kalmomi

ƙungurmin daji: daji mai duhu da yawan itatuwa
yi arba da: gamu da wani abu ba shiri
maɓuɓɓuga: wurin da ruwa yake fitowa daga ƙasa
laya: abin da ake ɗaurawa a jiki domin neman tsari
ƙunci: matsi da damuwa
ayari: taron matafiya
jirgin fito: jirgin ruwa da ke ƙetarar da mutane kogi
jita-jita: maganar da ke yawo ba tare da tabbaci ba

Tambayoyi

1. A wane gari aka haifi Fagunwa, kuma a wace shekara?
2. Waɗanne abubuwa biyu ne suka yi tasiri a rubutunsa tun yana yaro?
3. Mene ne ma'anar Agbako da Iranlowo? Wane darasi ne haɗuwarsu take koyarwa?
4. Don me makamai suka kasa korar Eru?
5. A ganinku, Kako jarumi ne ko azzalumi? Ku kawo dalili.
6. Ku zaɓi tatsuniya ɗaya daga harshenku, ku rubuta jimloli goma da Hausa a kan halin da kowace dabba ko dodo yake wakilta a cikinta.